Yadda na tashi daga layin Nima na koma tsayuwa a bayan manya

Duk sanda na shiga Nima, unguwarmu ta Zango a Accra, na yi sallah a masallacin layinmu, sai an sami saurayin da zai ja ni gefe ya tambaye ni inda ake sayar da fom ɗin zama bodigad. Babu irin wannan fom. 'Yan sandan da kuke gani cikin kwat a bayan minista ko alƙali ko baƙon gwamnati, da 'yar waya maƙale a kunne, ta ƙofa ɗaya suka shigo da mai ba da hannu a kan titi: kurtu, aski ƙwal, fareti a tsakar rana. Sai mutum ya yi aiki an ga kamun ludayinsa, sannan a tsamo shi daga ciki. Tankaɗe biyu ke nan. Ni dai na farkon ne ya fi ba ni wuya, kuma takarda ce ta wahalar da ni, ba gudu ko tsalle ba.

Sharuɗɗan da rundunar 'yan sandan Gana ke sawa a sanarwar ɗaukar kurata ba ɓoyayyu ba ne. Ka zama ɗan Gana ta haihuwa. Ka kai shekara 18, kada kuma ka haura iyakar da aka yanka, wadda takan canza daga sanarwa zuwa sanarwa, kuma ta mai digiri daban take da ta wanda ya tsaya a sakandare. Namiji ya kai santimita 173 a tsayi, mace 163. Sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ya ƙunshi Turanci da lissafi. Ba a taɓa ɗaure ka ba, ba a taɓa korar ka daga aikin gwamnati ba. Lissafi ya ɗan riƙe ni, sai da na sake zaman Nov-Dec, jarrabawar masu maimaitawa, kafin na samu, tsayi kuwa na gada wajen Baba. Sai ka sayi bauca mai ɗauke da lambar sirri, ka shiga shafin rundunar a intanet ka cike. A wani shagon intanet da ke kan babban titin Nima na cike nawa, yaron shagon yana bugawa ina karanto masa, har muka iso wurin suna, nan muka tsaya cak.

Sunan Baba a takardar haihuwata Usman ne. Malamar da ta rubuta ni a firamare ta ji Osman, ta rubuta Osman. Kafin na kai jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare wani ya ƙara masa wutsiya ya zama Osumanu, haka kuma ya bi ni har WASSCE. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in da zai jera takardunka uku a kan tebur bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Wannan ciwon ya kama rabin 'yan Zango da na sani: mai Abdurrahman a nan, Abdul Rahaman a can, Dramani a wani wurin, mai ranar haihuwa biyu saboda an yi masa takarda yana ɗan shekara goma, kawunsa ya ƙiyasta daga azumin da aka haife shi. Maganinsa takardar rantsuwa ce a gaban kwamishinan rantsuwa, irin waɗanda ofisoshinsu ke kewaye da Babbar Kotu a cikin gari, sannan a buga gyaran a Gazet ɗin gwamnati. Yana cin kuɗi, yana cin lokaci, kuma ba ya jiran sanarwa ta fito. Wanda ya bari sai an buɗe shafi sannan ya fara neman Gazet, sai dai ya jira wata shekara. Yanzu da katin Gana ya shigo, sunan da ke jikinsa shi ne alƙali, sauran takardu su bi shi.

Akwai kuma akwatin da ke tambayar garinku na asali. Ɗan Asante ya rubuta Mampong, ɗan Ewe ya rubuta Keta, ba tare da ya ɗaga kai ba. Ni sai na dawo gida na tambayi Baba. Yana zaune a kan buzunsa bayan la'asar, ya dube ni ya ce, "Kai a ina aka binne cibiyarka?" Na ce a gidan nan. Ya ce, "To rubuta Nima." Sai ya sa aka jawo masa tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya ciro littafin sallamar mahaifinsa daga aiki, bangon ya yi laushi saboda tsufa, da hoto guda: kakana cikin gajeren wandon kaki, jar dara a ka, ƙafafu naɗe da zane har gwiwa. Ɗan sandan rakiya ne na zamanin Turawa, rukunin da akasari 'yan arewa da 'yan Zango ne marasa boko, su ne masu raka kuɗi da fursuna da gadin gidajen manya. Uban kakan nawa fatauci ya kawo shi Salaga daga Kano a kan goro, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watso su kudu.

Baba bai ciro littafin nan don alfahari ba. Yana yaro a 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasa, ya ga manyan motoci sun kwashe maƙwabta sun nufi iyaka, har da waɗanda a nan aka haife su. Tun daga ranar gidanmu ba a wasa da takarda. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan Gana ne, shi ma ɗan Gana ne ta haihuwa. Doka ta gama magana, amma mai sunan Hausa ya san za a sake duban fuskarsa sau biyu, don haka ya tafi da hujjarsa a hannu. Abin dariyar shi ne, tushen aikin ɗan sanda a ƙasar nan da Hausawa aka kafa shi: tun dakarun da Kyaftin Glover ya kawo daga Legas a 1873 don yaƙi da Asante, waɗanda daga cikinsu rundunar 'yan sandan Gold Coast ta tsiro. Ba na cewa aikin kirki suka yi, sandar Bature ce su. Ina dai cewa ba jiya muka zo ba.

Kafin ranar tantancewa sai da 'yan furotokol, masu cewa suna sayar da gurbin aiki, suka zagayo. A bes ɗinmu, inda muke shan ataya da dare, wani mutum mai ƙaton agogo ya fara zuwa yana cewa yana da gurbi uku a hannun wani babba, kawo kaza a sa sunanka. Mma ta ji labari, ta buɗe kwallarta ta fara ƙirga turamen zannuwan da za ta sayar. Baba ya hana. Ya tuna mata abin da ya faru a 2015, lokacin da ɗaruruwan matasa suka isa makarantun horon 'yan sanda da akwatunansu da katifu da wasiƙun ɗauka, ashe duk na bogi ne, aka kora su gida kuɗinsu ya bi ruwa. Ba zan rantse cewa babu alfarma a ƙasar nan ba, ni ba yaro ba ne. Amma mai gurbi na gaskiya ba ya yawon talla a bes.

Ranar duba jiki tun kafin kiran asalatu na fita da ambulan ɗina, duk da haka na tarar layi ya miƙe ya yi kwana. Matakin farko sanda ce a tsaye da aka yi wa alama. Ka cire takalmi, ka manna dugaduganka da bayanka, a ɗora katako a kanka. Yaron da ke gabana ya tara gashi sama don ya ci santimita ɗaya, Kofur ɗin ya danna katakon har ya taɓa fatar kai, ya ce masa ya fita ta hagu. Faɗin ɗan yatsa ne ya raba shi da aikin. Daga nan a tuɓe sai gajeren wando. A duba ƙafa ko shimfiɗaɗɗiya ce, a haɗa gwiwoyi a ga ko suna karo ko sun buɗe, a miƙe yatsu, a buɗe baki, a juya baya a nemi zanen tatu ko babban tabon tiyata. Wani daga Ashaiman da muka saba a layi ya zo da guru ɗaure a ƙugu, tsohuwarsa ta ɗaura masa don sa'a. Wani Saje ya gani, ya ce masa da Hausa tsantsa, "Ɗan'uwa, cire ka sa a aljihu, nan ƙafarka muke dubawa." Muka yi dariya a ciki-ciki. Bayan jiki sai tebur ɗin takardu, inda Gazet ɗina ta yi aikinta: matar ta jera ukun, ta ɗaga gira, na miƙa mata ta huɗun, ta karanta ta buga hatimi.

Jarrabawar rubutu ba ta da wani abin mamaki, Turanci ne da lissafi da sanin ƙasa, sai dai lokaci a ƙure yake. Gwajin asibiti kuwa jini, fitsari, hoton ƙirji, ido, hawan jini. A shekarun nan tiramol ta yi wa samarin Zango mugun kamu, na kuma san waɗanda suka haye komai suka zo suka faɗi a kan kwalbar fitsari. Sannan a ɗauki zanen yatsunka goma a aika wa sashen CID, masu binciken laifuffuka, su duba ko sun san ka.

Sai jira. Na koma rumfar yayana a Tip Toe Lane, nan Circle, ina canza gilashin waya, kowane saƙo ya shigo gabana ya faɗi, in duba in ga kamfanin waya ne ke tallar bashi. Da saƙon gaskiya ya zo, cewa ya yi in je makarantar horo ta Pwalugu. Na so a ce Tesano ce, nan cikin Accra, inda Mma za ta iya aiko da shito da gari. Akwai kuma Kumasi da Koforidua da Ho, duk ba a ba ni ba. Pwalugu tana can jihar Upper East, kan hanyar Tamale zuwa Bolgatanga, kusa da kogin Farin Volta. Ni da aka yi ta kira ɗan arewa tun ina firamare, ban taɓa wuce Kumasi ba sai ranar. Na sauka na tarar mutanen wurin yarensu daban, Hausar da ke tsakaninmu ta kasuwa ce, su kuma suna ce mini ɗan Accra.

Horon wajen rabin shekara ne, kuma duk wanda ya yi zai ba ka labari iri ɗaya, don haka ba zan ja shi ba. An aske kai da gemu tun ranar farko. Tashi cikin dare, gudu, shara, fareti, aji. A aji ne aka ɗora mana dokar laifuffuka ta 1960, wato Act 29, da ta tsarin shari'ar laifi, Act 30, da dokar rundunar ta 1970, Act 350, da yadda ake rubuta bayanin mai ƙara da cike littafin tasha. A fili kuma kwance AK-47 da haɗa ta har hannu ya haddace. Azumi ya riske mu a can, cikin zafin da ban taɓa sanin akwai irinsa a Gana ba. Mu Musulmi muka riƙa tashi sahur da gari da sukari da ƙuli-ƙuli, muka yi faretinmu tare da kowa, ba wanda ya rage mana, mu ma ba mu roƙa ba.

Da muka fita aka dawo da ni yankin Accra, wata tasha da ba sai na faɗi sunanta ba. Zaman kantar karɓar ƙara, sintirin dare, gadin banki, rakiyar waɗanda ake tuhuma zuwa kotu. A wannan zaman ne ake rubuta rabin jarrabawar tsaron manya ba tare da ka sani ba. Kowane latti, kowace takardar tuhuma, kowane ƙorafin da wani direban trotro, wato motar haya, ya kai a kanka, yana shiga fayil, fayil kuma ba ya mantuwa.

A watan Oktoban 2020 'yan fashi suka kashe ɗan majalisa mai wakiltar Mfantseman, Ekow Quansah Hayford, a hanyarsa ta dawowa daga yaƙin neman zaɓe. Kafin shi, a Fabrairun 2016, an bi wani ɗan majalisar, J.B. Danquah-Adu, har ɗakin kwanansa a Shiashie an kashe shi. Bayan kisan Hayford majalisa ta tada murya, ministan cikin gida na lokacin, Ambrose Dery, ya sanar cewa za a ba 'yan majalisa 'yan sandan da za su riƙa bin su. Jama'a sun yi ta surutu, da gaskiyarsu: talaka a Kasoa shi wa zai tsare shi? Ni ma na yi wannan tambayar a bes. Amma a cikin gida abin da ya haifar shi ne buƙatar ƙarin mutane a ɓangaren tsaron manya gaba ɗaya, daga majalisa zuwa rukunin VVIPU mai kula da shugabanni da manyan baƙi. Bayan wani lokaci sai ga sigina ta iso tasharmu, ana neman a miƙa sunayen ƙananan ma'aikata masu tsabtataccen fayil.

Babban Sufeton tasharmu ya kira ni ofis. Dattijo ne ɗan Bawku, in mu biyu ne Hausa yake yi mini. Ya ce, "Yaro, zan sa sunanka. Ka san dalili?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." Ya ce, "Na ajiye ka gadin banki wata da watanni, ban taɓa wucewa na gan ka da waya a hannu ba. Kuma ban taɓa jin labarin tashar nan a bakin wani ya ce daga gare ka ya ji ba." Ban ce komai ba, na ƙame. Akwai waɗanda suka fi ni ƙirji da damtse a tashar, masu ɗaga ƙarfe kullum yamma, bai sa su ba.

A gida Mma ta ce ba da yawunta ba. "Wato in an harbo shi, kai za ka tara ƙirji? Uwarsa ta fi ni son ɗa ne?" Baba ya bar ta ta gama, sannan ya ba mu labarin da ya ji a bakin mahaifinsa tun yana ƙarami. Ran 2 ga Janairun 1964, a Flagstaff House, inda yanzu ake kira Jubilee House, shugaban ƙasa Kwame Nkrumah ya fito ofis zai shiga mota sai aka buɗe masa wuta. Sufuritanda Salifu Dagarti, shugaban masu tsaronsa, shi harsashi ya samu, ya mutu nan take, Nkrumah ya tsira. Wannan bayan bam ɗin da aka jefa wa Nkrumah a Kulungugu a Agustan 1962 ke nan. Mma ta ce, "To ka ji! Wannan labarin ne zai kwantar mini da hankali, Alhaji?" Baba ya ce ba ita yake ba labarin ba, ni yake ba. Ya juyo ya ce, "Wanda ya yi harbin, Seth Ametewee, ɗan sanda ne, kuma gadi aka kai shi gidan. Saboda haka za su tone ka har saiwa. In ka san akwai abin da ka binne, faɗa mini yanzu."

Haka kuwa aka yi. Gwajin ƙarfi da na harbi sun zo sun wuce. Gudu, tsallen kwaɗo, ɗaukar mutum a kafaɗa, sannan ƙaramar bindiga, wadda yawancinmu ba mu saba da ita ba don AK muka sani. Mutane sun zube a nan, amma ba da yawa ba. Inda aka fi zubewa shi ne binciken asali da ganawa da kwamiti.

Ban san an je Nima ba sai da Hajiya mai koko ta bakin layinmu ta tare ni. Ta ce, "Ɗana, lafiya dai ko? Wasu mutum biyu sun zo sun sha koko da ƙosai, sun biya har da canji suka bar mini, sai tambayarka suke. Wa kake zama da shi, kana shan wani abu, kana bin bashi, wace jam'iyya kake yi." Na ce me kika ce musu, Hajiya? Ta ce, "Na ce tun kana tsirara nake ba ka koko, bashinka ɗaya ne, na ƙosan da ka ci kana aji uku." Sun je wurin limaminmu, sun je wurin mai unguwa, sun zauna a bes ɗin kansa. Na daɗe ina ɗaukar cewa sunan Nima a fayil nauyi ne a wuyana. Ranar na ga ɗaya gefen: a unguwar da kowa ya san kowa, mai bincike ba ya shan wahalar samun shaida, mai kyau ko marar kyau. Abokin aikina da ya tashi a gidan haya mai katanga a wata sabuwar unguwa, maƙwabcinsa ma bai san sunansa ba.

Tambayar jam'iyya ba ta wasa ba ce. Kowa ya san yadda 'yan siyasa ke zuwa Zango neman majiya ƙarfi duk shekarar zaɓe, su ba su babur da 'yan kuɗi su sa su gaba. Bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019, nan maƙwabtanmu, majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa, Act 999. Yaron da hotonsa ke yawo a Facebook cikin rigar irin waɗannan ƙungiyoyi, ko da sau ɗaya ya sa don a ba shi na shinkafa, ya rufe wa kansa wannan ƙofar. Wanda za ka tsare yau na wannan jam'iyya ne, bayan zaɓe na waccan ne, kai kuma kana nan.

Kwamitin manyan hafsoshi ne uku a bayan dogon tebur, fayil ɗina a buɗe a gabansu. Sun yi tambayoyin da na zata, sannan wata mace a cikinsu, wadda ba ta ce uffan ba tun shigowata, ta rufe fayil ɗin ta ce: babban mutum ya je gaisuwar Sallah a Nima, jama'a sun yi masa caa, ga kawunka na jini ya kutso yana miƙo hannu yana kiran sunanka na gida, me za ka yi? Na ce zan tare shi da kafaɗa kamar kowa, in gaya masa da Hausa cewa zan zo gida da dare in ba shi haƙuri. Ta ce, in ya yi fushi fa? Na ce zai huce, kawuna ne. Na ga gefen bakinta ya motsa. Sai na tsakiyar ya jefo tasa: matar babban mutum ta miƙo maka jakarta a bakin kanti, ko ta aike ka kasuwar Makola. Wannan ta fi wuya, don kowa a ɗakin ya san ana yi. Na ce hannun da ke riƙe da jaka ba ya tare komai, zan nemi direba ko wani ɗan gida ya karɓa, cikin ladabi, in abin ya ci gaba in sanar da shugabana. Har yau ina kan wannan ra'ayin, ko da yake na ga yadda faɗarsa a gaban kwamiti ta fi yinsa sauƙi a bakin kanti. Sun kuma tambayi harsunan da nake ji. Na lissafa Hausa, Twi, Ga, Turanci, da ɗan Faransancin da na tsinta wajen 'yan Nijar da Togo na unguwa. Na ga duk ukun sun rubuta.

Kwas ɗin da ya biyo baya a wani sansani ne cikin daji, kuma abin da ya fara koya mana shi ne cewa ranar da ka zare bindiga, an riga an yi kuskure a wani wuri tun jiya. Yawancin aikin kafin babban mutum ya fito ake yin sa. 'Yan gaba su je wurin taro tun da wuri, su san ƙofar shiga da ta fita da ta uku wadda ba kowa ya sani ba, su san inda mota za ta tsaya hancinta na kallon waje. A bi hanya a auna ta, a tanadi ta biyu saboda cunkoson Accra ba ya jin jiniya in ya ƙulle. A san asibiti mafi kusa daga kowane gaɓa na tafiyar: na sojoji na 37, Ridge, Korle Bu, ko asibitin 'yan sanda na Cantonments. An koya mana tafiya kewaye da mutum, ɗaya gaba, ɗaya baya, biyu a gefe, mai kula da jikinsa a bayan kafaɗarsa, kowa da yankin da idonsa zai tsare. Lokacin shiga mota da fitowa shi ne mafi haɗari, mun maimaita shi har muna yi cikin barci. In an ji ƙara, ba a tsayawa neman mai harbi: ka danne mutuminka, ka rufe shi da jikinka, ka cusa shi mota, a bar wurin. Ga samarin da aka horar su bi ɓarawo, koyon gudu daga faɗa ya fi komai yi musu ɗaci. An koya mana ɗaure jijiya don tsayar da jini, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, don babban mutum mai shekara sittin da hawan jini ya fi kusa da faɗuwa a kan mumbari fiye da harsashi.

Wani malaminmu, tsohon hannu da ya bi shugabanni da dama bai kuma taɓa faɗa mana ko ɗaya daga cikin sirrinsu ba, yakan tsayar da mu a rana cikin kwat, ya sa wasu su yi ta wucewa a gabanmu kamar 'yan taro. Bayan sa'a guda ya tambaye ka: mai jar riga, a wane hannu ya riƙe leda? Wa ya sa rigar sanyi a wannan zafin? Wa ya wuce sau biyu? Kullum maganarsa hannu, hannu, ku bar fuska. Fuska tana murmushi, hannu ne ke ɗauke da abu. A nan tashin Zango ya yi mini rana. Wanda ya girma yana ratsa kasuwar Nima ranar Laraba, ko ya shiga turmutsitsin Mauludin babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya san bambancin taron da ke turowa don ƙauna da wanda ya fara tsami, tun kafin a ɗaga murya.

Ba duka muka gama ba. Wani da ya fi mu iya harbi an mayar da shi tasharsa saboda ya ɗauki hoton kansa a sansanin ya sa a WhatsApp. Ba a yi masa faɗa ba, an dai ce ya haɗa kayansa.

Da takardar turawa ta fito, na kai yadi wurin telan Baba a Mamobi, na ce ya sake mini kwat ɗin ta gefen dama, kada ta kama ƙugu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya auna, bai tambaya ba. Wanda aka haɗa ni da shi ba zan faɗa ba, Mma ma a talabijin ta gano, ta ga rabin kunnena a bayansa.

Babbar Sallar farko da na yi a aikin a dandalin Black Star ta same ni, inda ake idin ƙasa. Dubban mutane sun yi sahu sun fuskanci alƙibla, ni na ba alƙibla baya ina fuskantar su, liman na kabbara ina ƙirga hannaye. Abin ya tsaya mini a rai tun kafin ranar, don haka na riga na je wurin malaminmu na makarantar allo na tambaye shi. Ya ce, "Kai da ka sauke a gabana? Je ka duba Suratun Nisa'i, inda aka ce wani rukuni ya yi sallah wani ya tsaya da makami. Waccan ma farilla ce, balle idi da yake sunna. In kun tashi ka yi raka'a biyunka kafin zawali." Sai ya ƙara da cewa in na ga hanya in gaya wa mai gidan nawa kwatar bayan makaranta ta toshe tun bara. Na ce, Allah gafarta Malam, wannan kam ba ya cikin aikina. Ya ce ya sani, gwadawa yake.

Mun mayar da mutumin gida lafiya, na yi raka'a biyuna a garejin motoci a kan kwali. Daga nan aka ce akwai ziyara uku kafin magariba, ta farko a Fadama.